Jarin da ya iso bayan shuka: yadda ɗaliban kiɗa uku suka kafa ɗakin ɗaukar murya a ƙasar Ringim

Ni ne na sa hannu a takardar tallafin da ɗaliban nan uku suka samu, a matsayin wanda ya tsaya musu, shi ya sa nake ganin ina da bakin ba da labarin. Ni ne ma'ajin ƙungiyar manoman garinmu, wani ƙauye a ƙasar Ringim ta jihar Jigawa, wanda babbar kasuwarsa ta kusa ita ce Gujungu mai ci ranar Lahadi. Aikina shekara da shekaru shi ne rubuta wa ya karɓi taki, wa ya biya, wa ya ce a yi masa haƙuri sai kaka. Kiɗa ba sana'ata ba ce. Littafin shiga da fita ne sana'ata, kuma ta cikinsa na bi al'amarin yaran nan uku tun ranar da suka fara maganarsa a zaurena. Na sakaya sunayensu da na jami'arsu da na waɗanda suka ba da kuɗin, don akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa, kuma ba tozarta kowa nake nufi ba.

Na farko ɗan ƙanwata ne, mai hannu a fiyano da haɗa sauti a kwamfuta. Na biyu abokinsa ne tun firamare, jikan Sarkin Kiɗan garinmu, wanda ya fara rataya ganga kafin ya san boko. Ta uku ɗaliba ce 'yar ajinsu, mahaifiyarta 'yar garinmu ce da aure ya kai ta wani gari, don haka nan kakanninta suke. Duk ukun a sashen wasan kwaikwayo suke karatun kiɗa. A Arewa yawanci haka abin yake, kiɗa a raɓe yake a jikin wani sashe, ba kamar Jami'ar Nsukka ba da ta buɗe masa sashe mai zaman kansa tun 1961.

Yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya faro a watan Fabrairu bai ƙare ba sai Oktoba, shi ya dawo mana da su gida wata takwas. A daminar ce kuma ambaliya ta ci gonaki a ƙasarmu, mutane suka shiga kaka hannu sake. Zaman nan ne ya sa suka lura da abin da mu muka saba gani har muka daina ganinsa. Idan ango yana son waƙar biki da sunansa da na amarya, sai ya tura wani Kano, wajen Titin Gidan Zu inda situdiyoyi suke, ya biya kuɗin mota, ya biya na aiki, wani lokaci ya kwana. Mai sayar da maganin feshi da yake son talla a lasifikarsa ranar kasuwa, shi ma Kano. A gefe guda kuma tsofaffin makaɗa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya taɓa ɗaukar muryarsu.

Da aka koma makaranta sai suka tarar cibiyar koyar da sana'o'i ta jami'arsu ta buɗe gasa, da kuɗin wata gidauniya. Ba bashi ba ne, kyauta ce ta fara sana'a, masu bayarwa suna kwatanta ta da iri. Wannan bambanci babba ne a wurinmu. A 2019 Babban Bankin Nijeriya ya fito da shirin rance ga masu fim da kiɗa da ɗinki da manhaja, amma rance ne mai ruwa, ta hannun bankuna, kuma iyayen yaran nan ba za su bari 'ya'yansu su taɓa kuɗin ruwa ba ko da banki ya yarda da su. Gidauniyar Tony Elumelu, wadda tun 2015 take ba matasan Afirka dala 5,000 kowanne, ita ma kyauta take bayarwa, sai dai masu nema daga ƙasashen nahiyar duka suke fitowa. Gasar jami'a ƙarama ce, kuma alƙalanta malamansu ne. Nan suka ga ƙofa.

Sharuɗɗan ba su da yawa. A yi rajistar sunan sana'a a Hukumar Rajistar Kamfanoni, a buɗe asusun banki da wannan suna, a kawo babba mai tsayawa. Kuɗin naira 800,000 ne, kashi biyu: 500,000 da farko, ragowar 300,000 sai an kawo rasit na duk abin da aka kashe. Bayan wata goma sha biyu a kawo rahoto.

Abin da suka rubuta

Na karanta takardar neman tasu kafin su miƙa. Sun ce kuɗi zai shigo ta hanya uku: waƙoƙin gargajiya da za su ɗauka su ɗora a YouTube da makamantansa, aikin talla da waƙar biki, da koyar da yara fiyano. Rabin kuɗin shigar a lissafinsu daga intanet zai zo. Na tambayi ɗan ƙanwata, wa zai biya? Ya ce, "Kawu, duniya ce za ta kalla, kamfani ne zai biya." Daga baya na gane a lokacin YouTube ba ya fara ba mutum rabon kuɗin talla sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Su sun san da wannan sharaɗin, amma sun ɗauka wata uku ya ishe su. Alƙalan ma wannan ɓangaren ne ya fi burge su, don shi ne ya yi kama da abin da aka saba ji a irin waɗannan gasa. Da yaran sun rubuta cewa za su rayu da tallan maganin ƙwari a Gujungu, ina zaton da ba su ci ba. Wannan ya daɗe yana damuna, domin gasa tana koya wa yaro ya rubuta abin da alƙali yake son ji, shi kuma sai ya yarda da rubutunsa.

Sun rubuta kasafin a watan Janairun 2023, lokacin da ake wahalar sababbin takardun naira. Aka sanar sun ci a Maris. Kuɗi bai shiga asusu ba sai Agusta. Tsakanin nan duniya ta juya. A ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin fetur, litar da farashinta na gwamnati bai kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, a Yuli ta wuce 600. A Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, duk wani kayan da ake shigowa da shi ya tashi. Kasafin da ya ƙunshi kwamfuta, makirfo biyu, sifiku, janareta da fetur na wata shida, ya zama labari. Manomi ya san irin da ya iso bayan an gama shuka. Ba ƙarya ba ne iri ne, amma ba gonar da aka yi masa tanadi zai tarar ba.

Ranar da suka dawo daga duba farashi a Kano, jikinsu a sanyaye. Muka zauna da fensir. Shawarar da ta fi kowace amfani a duk tafiyar nan daga bakin ɗalibar ta fito: a soke janareta gaba ɗaya. Ta ce ban da tsadar fetur, ƙararsa ma shiga makirfo za ta yi. Aka sayi faifan sola biyu da batir ɗaya da inbata ƙarama. Kwamfuta ta hannu suka saya, makirfo ɗaya maimakon biyu. Ɗaki kuwa na ba su tsohon ɗakin ƙasa mai rufin azara da ke bayan gidana, wanda da nake ajiye ƙaiƙayi a ciki. Katangarsa mai kauri ce, ta fi ta bulo tare ƙara. Suka liƙe ciki da buhunan algarara da tabarmin kaba da tsohuwar katifa a bayan ƙofa. Abokan gabarsu biyu ne, injin niƙa na unguwa da jakin maƙwabcina, don haka aka mai da ɗaukar murya bayan sallar Isha'i da kuma hantsi kafin a tayar da inji.

Kafin a kafa ƙusa

Akwai abin da fom bai tambaya ba, wanda kuma da bai warware ba da ba a buɗe ɗakin ba. Mijin ƙanwata ya same ni da yamma, ya zauna bakin tabarma, ya ce, "Yaya, ni karatu na kai shi jami'a ya yi, ba ya dawo mini da roƙo ƙofar gida ba." Jikan Sarkin Kiɗa yana tsakar gida yana jin mu. Na ga yadda ya sunkuyar da kai, kuma har yau ban manta ba. A ƙauyukanmu makaɗi mutum ne da ake nema ranar biki da ranar gayya, amma a yi jinkiri ranar da ya zo neman aure. Yaron da ya kai aji uku a jami'a, wanda ya iya rubuta kiɗan kakansa a takarda, har yanzu ɗan maroƙa ne a bakin wasu.

Ban yi musu da surukina ba. Na ce mu je wurin dagaci tare da liman, a ji ta bakin kowa. A zauren dagaci yaran suka durƙusa, ɗan ƙanwata ya yi bayani. Dagaci ya saurara har ƙarshe, sannan ya kafa sharuɗɗa: ba a haɗa maza da mata a ɗaki lokaci guda, ba kiɗa idan an kira salla, ba zambo ko habaici ga kowa, musamman na siyasa. Liman ya ƙara ɗaya, ya ce ɗaliban Islamiyyarsa suna da waƙoƙin da suke rerawa ranar sauka, idan za a ɗauka musu a yi musu sauƙi. Ɗan ƙanwata ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na farko kyauta ne." Ba wanda ya san a lokacin cewa wannan maganar ce za ta riƙe ɗakin. Surukina bai ce ya yarda ba, ya dai daina hanawa.

Sai rikicin rasit. Mai shagon da ya sayar da kwamfuta yana da rasit. Maginin da ya yaɓe ɗaki, da matar da ta saƙa tabarmi, da mai waldar da ya yi mariƙin sola, da mai kurar da ya ɗauko kaya daga bakin titi, ba ɗayansu da ya taɓa riƙe littafin rasit. Kusan naira 90,000 aka kashe a hannun irin waɗannan mutane. Ofishin gasar ya ce ba rasit, ba kashi na biyu. Wani ya ba yaran shawara su sayi littafin rasit a kasuwa su cike da kansu, ai kowa haka yake yi. Na ce in dai da sa hannuna a takardar nan, ba za a yi ba. Muka yi yadda muke yi a ƙungiya: takardar shaida ga kowane mutum, sunansa, aikin da ya yi, abin da ya karɓa, ya dangwala yatsa, mai unguwa ya sa hannu. Ofis ya karɓa, amma sai da aka yi wata biyu ana kai da komowa. Kashi na biyu ya shigo a Janairun 2024.

Wanda bai zauna a ƙauye ba zai ce jinkirin wata biyu ba wani abu ba ne. A wurinmu kuɗi yana da lokaci. Gero da riɗi suna shiga gida daga Satumba zuwa Oktoba, zoɓo ya biyo baya, sai aljihu ya yi nauyi, sai a shiga ɗaura aure har zuwa gab da azumi. Da kashi na biyu ne aka yi niyyar sayen ƙaramar na'urar ɗauka da lasifika, waɗanda za a iya fita da su wurin biki. Bukukuwan Nuwamba da Disamba suka wuce yaran suna kallo. Ga shi a watannin ne jarrabawa ta tsare su a makaranta, saboda yajin aiki ya birkita kalanda. Dole suka ɗauki wani yaro ɗan sakandare a garin suka koya masa ɗaukar murya, yana turo musu ta WhatsApp, ɗan ƙanwata yana haɗawa a ɗakin kwanan ɗalibai. Albashin yaron nan ba ya cikin kasafi, amma ba don shi ba da ɗakin a rufe zai yi kaka.

Aikin da ya riƙa shigowa ba wanda aka yi zato ba ne. Bayan waƙar farko ta Islamiyyar liman ta zaga wayoyi, makarantun ƙauyukan kewaye suka fara zuwa, wasu don sauka, wasu don Maulidi da mandirinsu. Suna biya a kan kari, don malami ne ke tattarawa wurin iyaye. Talla ma ta zo: mai taki, mai maganin feshi, mai gyaran injin ban-ruwa, har mai shayi. Masu maganin gargajiya biyu sun zo da kuɗi mai tsoka, amma da yaran suka ji irin kalaman da ake so su ɗauka, da alkawarin warkar da ciwo goma da ƙulli ɗaya, suka mayar musu da kuɗinsu. Koyar da fiyano kuwa yara biyu ne suka zo, suka daina da damina ta faɗi.

Biyan ma ba duka da naira ba ne. Wani ango ya kawo riɗi tiya shida, wani ya kawo zabi biyu. Ɗalibar, wadda ita ke riƙe littafi, ta tambaye ni yadda za ta rubuta zabuwa a fom ɗin gidauniya. Na ce ta rubuta farashinta na Gujungu a Lahadin makon, ta kuma buɗe shafi dabam na kayan da aka karɓa. Bashi ya fi wannan wuya. Ɗan ƙanwata ba ya iya ce wa ɗan baffansa sai ka biya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma sana'ar da jarinta bai kai miliyan ba ba ta da hanjin ɗaukarsa da yawa. Sai da aka kafa doka, rabi kafin a kunna makirfo, kuma a hannun ɗalibar ake biya, tunda ita ba ta da ɗan baffa a garin.

Gangar Sarkin Kiɗa

A nan ne al'amarin ya kusa wargajewa, kuma a nan ne na fi koyon abu.

Sarkin Kiɗa ya haura shekara saba'in. Gangar noma ce gadonsa. A zamanin da ake gayya, shi ke bin bayan manoma a kunya yana kaɗa wa kowa takensa, Sarkin Noma da nasa, kowane ƙaƙƙarfa da nasa, har wanda ya gaji ya ji an taɓo kakansa ya sake duƙawa. Gayya ta yi ƙaranci yanzu, amma taken suna kansa, na mutanen da yawancinsu sun daɗe a ƙasa. Jikansa ya lallashe shi ya zo ɗaki dare uku a jere. Suka ɗauki fiye da take talatin da kirarinsu. Aka ba shi naira 10,000 na goro, ya sa albarka ya tafi.

Bayan mako uku, babban ɗansa yana wucewa ta gaban wani shagon caji a Gujungu sai ya ji muryar mahaifinsa a sifika. Mai shagon yana tura wa mutane a memori, kowa da ɗan abin da zai bayar. Yadda ta fita ba boyayye ba ne: ɗan ƙanwata ya tura wa wani abokinsa guda ɗaya ya ji daɗi, shi ke nan. Abin da ya shiga waya ɗaya ya shiga dubu.

Ɗan Sarkin Kiɗa ya zo gidana ransa a ɓace. Ni da farko na ɗauka maganar kuɗin turawa ce, na fara lissafin abin da mai shago zai iya samu. Sai ya ce, "Malam, ba ka gane ba. Baba in ya ga jikan Sarkin Noma a wurin suna ya kaɗa masa taken kakansa, mutumin nan ko rigarsa ce sai ya tuɓe ya ba shi. Yanzu yana da shi a aljihu, ya ji safe ya ji yamma. Ranar da Baba zai kaɗa masa, me zai ji?" Sai na yi shiru. Abin da tsohon yake ci da shi ba sautin ba ne kawai, ƙarancinsa ne, da kasancewar sai a gabansa ake ji. Yaran sun ɗauka adanawa suke yi, kuma gaskiya ne adanawa suke yi, amma sun taɓa rumbun mutum ba su sani ba.

Jikan ya san doka, an koya musu a aji cewa dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta san da haƙƙin mai kiɗa a kan abin da ya kaɗa, ta kuma tanadi kariya ga fasahar gargajiya. Amma ba kotu za a kai kaka da jika ba. Zauren dagaci aka koma. Tsohon da kansa ya yanke. Ya ce abin da ya fita ya fita. Sauran kuwa kada a ɗora a intanet, kada a ba masu caji. Duk wanda yake son taken kakansa ya zo da ƙafarsa ko ya aiko, shi Sarkin Kiɗa zai sake kaɗawa sabo, ya ambaci sunan mai nema a ciki, a raba kuɗin biyu tsakaninsa da ɗaki. Aka rubuta da boko da ajami, aka karanta a bainar jama'a, ya dangwala.

Cikin wata biyu saƙo ya fara zuwa daga 'yan garinmu da ke Kano da Abuja da Legas, masu faci da masu gadi da 'yan kasuwar hatsi, kowa yana son a kaɗa taken gidansu da sunansa. Wannan sana'a ba ta cikin takardar da alƙalai suka yaba, kuma ba ɗalibi ne ya ƙirƙiro ta ba. Masu caji kuma aka yi da su wata yarjejeniya dabam: waƙoƙin Islamiyya da malamai suka yarda a yaɗa, mai shago ya biya kuɗi dunƙule ya karɓi na farko, daga nan ya tura yadda ya ga dama, tunda ba mai iya hana shi.

Ita ɗalibar tata jarrabawar ta zo ta wata fuska. Ta riƙa shiga gidaje da na'urar hannu tana ɗaukar waƙoƙin daka da lugude, da na niƙa, da na reno, da na daɓe. Injin niƙa ya kusa kashe na niƙa, siminti ya kashe na daɓe, tsofaffi ne kawai suka riƙe su. Matan sun saki jiki da ita don jikarsu ce, bisa sharaɗin muryarsu ba za ta fita kasuwa ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa bayan danga ya ji waƙar daka ya san dalili: a ciki ake yi wa kishiya habaici, a ciki ake faɗa wa uwar miji abin da ba a iya faɗa mata ido da ido. Da lokacin baje kolin aikinsu ya zo, wani daga cikin kwamitin gasar ya gaya musu akwai zagaye na biyu na tallafi, kuma waƙoƙin matan nan su ne abin da ba wanda yake da irinsa. Samarin biyu suka so a kunna ko guda uku ne, ai a ɗakin taro ne, ba kasuwa ba. Ta ce a'a. Ta hau mota ta dawo garin, ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya tana tambaya. Tsofaffi biyu suka yarda a kunna waƙar reno kawai. Ita ta kai. Ba su samu zagaye na biyu ba, kwamitin kuma bai faɗi dalili ba. Sun yi kwana biyu ba sa magana da ita. Ni ina tare da ita ɗari bisa ɗari, kuma na gaya musu haka. Da ta kunna, da ba ta ƙara shiga gida ko ɗaya a garin nan da na'ura ba, su ma ɗakin nasu da ya zama wurin da ake gudu.

Ga abin da littafi ya nuna a ƙarshen wata goma sha biyu. Kuɗin da ya shigo, har da ƙimar riɗi da zabi, naira 610,000 ne. Makarantun Islamiyya 220,000, talla 170,000, waƙar biki 130,000, rabon ɗaki daga taken Sarkin Kiɗa 60,000, masu caji 30,000. Bashin da bai dawo ba 95,000, kusan duka na watannin farko. Intanet, da aka ce zai kawo rabi, bai kawo ko kwabo ba, mabiyansu ba su kai sharaɗin ba. Bayan an cire albashin yaro da data da kuɗin mota da gyare-gyare, abin da ya rage bai isa mutum uku su rayu ba. Ya isa mutum ɗaya ya rayu da ƙyar, ɗakin kuma ya ci gaba da buɗewa. Na sa suka rubuta rahoton haka, ba ƙari. Fom ɗin yana da gurbin yawan masu kallo a intanet, ba shi da gurbin yawan makarantun da suka dawo karo na biyu, sai a bayan takarda suka rubuta cewa bakwai ne cikin tara.

Kuskuren da nake ɗora wa kaina shi ne ban sa sun rubuta yarjejeniya tsakaninsu tun farko ba. Gidauniya ba ta nema ba, ni kuma da na san yadda tarayya take ƙarewa a ƙungiya, na bari zumunci ya rufe mini ido. Da suka gama karatu, bautar ƙasa ta raba su. Ɗan ƙanwata ya so ya tafi da kwamfutar, yana ganin shi ke aiki da ita. Jikan Sarkin Kiɗa ya ce da sunan ɗaki aka saya. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ranar tafiyar muka zauna fafewa. Aka yi wa kowane kaya kuɗi, aka raba mallaka uku daidai, aka rubuta cewa kaya ba sa barin ɗaki, wanda zai fita a biya shi kasonsa a hankali bayan kaka biyu. Ɗan ƙanwata ya tafi ba kwamfuta, ya yi fushi da ni na wani lokaci. Mahaifinsa har yanzu idan aka tambaye shi me yaron yake yi, cewa yake aikin kwamfuta.

Yanzu yaron da suka koya wa aiki ne ke buɗe ɗakin, jikan Sarkin Kiɗa yana zuwa duk ƙarshen wata, ɗalibar tana duba littafi ta waya. Waƙoƙin matan suna cikin memori biyu, ɗaya a wurinta, ɗaya a akwatin ƙungiya a hannuna, ban da waƙar renon nan ba wanda ya taɓa kunna su. Matsalar da ke gabanmu batir ce. Da yana kai su tsakar dare, yanzu awa biyu yake yi ya mutu, kuma ba a ware ko sisi don ranar mutuwarsa ba, don ba wanda ya tambaya a fom, mu ma ba mu tuna ba. Akwai riɗi buhu ɗaya da rabi da aka tara daga biyan kaka, yana ɗakina a kan katako. Mun yi shawara kada a sayar yanzu, a bari sai bazara in farashi ya ɗaga, a haɗa da abin da Islamiyyoyi za su kawo kafin azumi. Kafin nan an mayar da ɗaukar murya da hantsi, lokacin da rana take kan faifan, an kuma roƙi mai injin niƙa ya riƙa jinkirta tayarwa zuwa ƙarfe goma sha ɗaya ranakun Talata da Alhamis. Ya yarda, da sharaɗin a yi masa talla.